Daga Kumburin Saifa zuwa Gurbin Enzayim

Kumburin saifa ba baƙon abu ba ne a birnin Zazzau. Daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya ka sami tsohuwar da ba ta iya dafa cikin yaro ta gefen hagu ta ce saifarsa ta sauko ba, kuma har yau akan ga manya da tabon tsagar wanzami a ƙasan haƙarƙari, shaidar maganin da aka yi musu tun suna ƙanana. Mafi yawan lokaci zazzaɓin cizon sauro ne sanadi. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe a kan wannan batu. A shekarun 1970 Y. M. Fakunle da Brian Greenwood sun yi nazari a nan Zariya kan saifar da ke girma fiye da kima saboda yawan maimaituwar maleriya, kuma ƙa'idojin da Fakunle ya tsara a 1981 na gane irin wannan saifa sun shiga littattafan likitanci na duniya.

Amma cikin masu kumburin akwai 'yan ƙalilan da ba sauro ne ya jawo musu ba. Magidanci ne ko matar aure, sau da yawa ba su ma kai shekara arba'in ba. Mutum ya rame, yana jiƙe riga da gumi cikin dare, loma kaɗan ta cika masa ciki, ya sha maganin maleriya da na taifod har ya gaji. Abin da ke damunsa wata irin sankarar jini ce mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke kira CML. A da, mai wannan ciwo yakan yi shekara uku zuwa biyar yana fama, daga nan ciwon ya rikiɗe ya yi tsanani, cikin 'yan watanni a rasa shi. Yau akwai magani na haɗiya, sau ɗaya a rana, da kan riƙe mutum shekara ashirin yana zuwa kasuwa yana aurar da 'ya'ya. Tsakanin wancan hali da wannan akwai aikin hannaye da yawa, kuma kowane hannu ya yi nasa ne da daidaito na ban mamaki.

Hannun farko na likita ne. A ɗakin duba marasa lafiya, ko a asibitin koyarwa da ke Shika ko a wani wuri, zai kwantar da mutum rigingine, ya sa shi ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi don naman ciki ya saki. Zai tsaya a damansa. Ba ya fara lalube daga inda saifa take, wato ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Yana farawa ne can ƙasa ta gefen dama, kusa da ƙashin ƙugu, domin saifar da ta girma sosai tana gangarowa a karkace ta haye cibiya, kuma wanda ya fara daga sama zai iya ɗora hannu a tsakiyarta bai ji bakinta ba. "Malam, ja numfashi sosai," zai ce, "yawwa, sake." Da kowane jan numfashi yana matsar da yatsunsa kaɗan zuwa sama, yana jiran gefen saifar ya sauko ya bugi kan yatsa. In ya same shi sai ya nemi wani ɗan gibi da ke bakinta, wanda shi ke bambanta saifa da ƙoda ko wani ƙari. Sannan ya ɗauko tef ya auna santimita nawa ta sauko daga haƙarƙari, ya rubuta, domin da wannan lamba za a gwada duk abin da zai biyo baya.

Sai a ɗebi jini a zuba a 'yar kwalba mai murfi ruwan shunayya, wadda ke ɗauke da sinadarin hana daskarewa. A nan aiki ya koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji, kuma a nan nake so mai karatu ya rage sauri.

Kayan aikinsa ba su da yawa: faifan gilashi guda biyu masu tsawon ɗan yatsa, siririn bututu, fensir, kwalbar rini, da madubin ƙara girma. Gilashin farko sai ya kasance ba maiƙo ba ƙura. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, gwani yakan ajiye gilasansa a rufe, ya goge kowanne kafin ya yi amfani da shi, ya kuma riƙe shi ta gefe don kada zanen yatsa ya hau. Zai juya kwalbar jinin a hankali sau da dama don abin da ya kwanta ya gauraya, ba ya girgiza ta. Zai ɗiga ɗigo ɗaya ƙarami kusa da ƙarshen gilashin. Sai ya ɗauki gilashi na biyu mai santsin baki, ya kafa shi a gaban ɗigon, a kishingiɗe, kamar digiri talatin zuwa arba'in da biyar. Ya ja shi baya har ya taɓa jinin. Ya dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu, jinin ya bi bakin gilashin ya bazu dama da hagu da kansa. Sannan ya tura gaba, turi ɗaya, ba tsayawa, ba dannawa. Jinin yana bin gilashin a baya ne, ba a tura shi a gaba, domin in aka murje shi ƙwayoyin za su farfashe.

Abin da ke fitowa shimfiɗa ce mai siffar harshe, da kauri a gindi, tana sirancewa har ta ƙare da lallausan baki kafin ta kai ƙarshen gilashin. Duk motsin bai kai ƙiftawa uku ba, amma akwai lissafi a cikinsa. Jinin mai ƙarancin jini tsararo ne, don haka gwani yakan ɗaga kusurwar gilashin ya yi sauri, kada shimfiɗar ta zarce. Jini mai kauri kuwa, sai a kwantar da gilashin a tafi a hankali. Yana yanke wannan shawara ne tun daga yadda ɗigon ya zauna a kan gilashi. In hannu ya yi rawa, layuka za su fito. In akwai maiƙo, ramuka za su bayyana. Wanda ya san darajar aikin ba ya lallaɓa shimfiɗar da ta ɓaci, yakan jefar ya sake sabuwa. Da damina kuma, da iska ke da laima, sai ya kaɗa gilashin ya bushe da wuri, in ba haka ba ruwa zai ɓata surar jajayen ƙwayoyi. Sunan mara lafiya da fensir ake rubuta shi, domin tawadar biro narkewa take a cikin rini.

Rinin da aka fi amfani da shi a asibitocinmu shi ne na Leishman, wanda wani likitan soja ɗan Sukotlan ya haɗa a 1901. Ana kwarara shi ya rufe gilashin, a bar shi kamar minti biyu, sinadarin metanol da ke ciki ya kafe ƙwayoyin a inda suke. Sai a ƙara ruwa na musamman, ninki biyu na rinin, wanda aka daidaita tsaminsa a kan ma'aunin 6.8. A gauraya su a hankali, a jira minti takwas zuwa goma, a wanke, a jingine gilashin ya bushe. Wannan lamba ta 6.8 ba ado ba ce. In ruwan ya karkata ga kanwa, komai zai fito shuɗi. In ya karkata ga tsami, komai zai yi ja-ja, cikin ƙwaya ya dushe. Wanda ya ɗebi ruwan famfo don ya huta da haɗa na ƙa'ida ya riga ya makantar da kansa kafin ya kai ido ga madubi.

A ƙarƙashin madubi ma akwai tsari. Ana farawa da ƙaramin ido a zaga shimfiɗar baki ɗaya, sannan a nemi wurin da jajayen ƙwayoyi ke kusa da juna ba tare da sun hau juna ba, gab da bakin harshen. A ɗiga mai, a sauko da babban ido mai ƙara girma sau ɗari. A jinin mai lafiya, fararen ƙwayoyi, wato masu yaƙi da cuta, tsakanin 4,000 ne zuwa 11,000 a kowane maikurolita, sai ka ɗan yi yawo kafin ka ci karo da ɗaya. A jinin mai CML sukan haura 100,000, filin madubi ya cika da su maƙil.

Yawa kaɗai bai isa hujja ba, domin ƙurji mai tsanani ko ciwon huhu ma kan tayar da fararen ƙwayoyi. Abin da idon gwani ke nema shi ne su wane ne a wurin. Fararen ƙwayoyi a cikin ɓargo ake haifarsu, su bi matakai na girma, kuma waɗanda suka nuna ne kaɗai ke fitowa cikin jini. A wannan ciwo za ka ga dukan matakan a fili ɗaya: masu dunƙulallen ciki da ba su nuna ba, masu ciki mai siffar ƙoda, masu lanƙwasasshen ciki, da cikakku masu ciki kashi-kashi. Za ka kuma ga wata ƙwaya mai baƙaƙen ɗigo-ɗigo, basofil, wadda a jinin mai lafiya da ƙyar ake samun ɗaya cikin ɗari, a nan kuwa ta yawaita. Ma'aikacin zai ƙirga ƙwaya ɗari ko ɗari biyu, idonsa a madubi, hannu ɗaya yana matsar da gilashi a tsari don kada ya maimaita wuri, ɗaya hannun yana danna na'urar ƙirga. Zai kula musamman da mafi ƙanƙantar shekaru a cikinsu, waɗanda ake kira bilas. In ba su kai goma cikin ɗari ba, ciwon yana matakinsa na farko, inda magani ya fi ci. In sun kai ashirin, ya rikiɗe.

Nakan yi tunanin yawan mutanen da wannan rabin awa na natsuwa zai cece su daga shekara guda ta yawo. Takardar gwaji mai cewa "maleriya da taifod" ba ta da wahalar rubutawa, kuma mara lafiya zai karɓa ya yi godiya. Zama a ƙirga ƙwaya ɗari biyu aiki ne da ba wanda zai gani, ba wanda zai tafa.

To, me ya sa ɓargo ya shiga haihuwa ba ƙaƙƙautawa? Ƙwayar halitta ba ta rabuwa biyu sai an umarce ta. Umarnin yana zuwa daga waje, ya sauka a fatarta, sannan a miƙa shi daga furotin zuwa furotin har ya kai cibiya. Masu miƙa wannan saƙo wasu enzayim ne, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai, kuma wannan dangi nasu ana kiransa kainas. Aikin kainas guda ɗaya ne. A jikinsa akwai gurbi da ke karɓar ATP, ƙaramin sinadarin da ke ɗauke da kuzarin ƙwaya, mai fosfet uku a jere. Kainas yana cire fosfet na ƙarshe ya manna shi a jikin furotin na gaba. Wannan mannawa tana sauya surar furotin ɗin, ya tashi aiki, shi ma ya tayar da na gabansa. In saƙo ya isa, wani enzayim ya zo ya cire fosfet ɗin, komai ya lafa. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari na mannawa da cirewa a tsakiyar shekarun 1950 a birnin Siyatil na Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1992. A 1979 Tony Hunter ya gano reshen da ke manna fosfet a kan tayirosin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, kuma shi ne reshen da labarinmu ya shafa. Da aka ƙirga su a 2002, an sami kainas iri 518 a jikin ɗan Adam.

A 1960, a birnin Filadalfiya, Peter Nowell da David Hungerford sun lura cewa a ƙwayoyin masu CML ɗaya daga cikin kuromosom 46, wato ƙunshin zaren da umarnin halitta ke rubuce a jikinsa, ya fi yadda ya kamata gajarta. Shekara goma sha uku ana zaton guntun ya ɓace ne. Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ce ta warware zancen a 1973. Takan rina kuromosom har zane-zanen jikinsu su fito, ta ɗauki hoto, ta yanke kowanne da almakashi, ta jera su bibbiyu a kan teburin cin abincin gidanta tana kwatantawa. A haka ta ga cewa abin da ya ragu daga mai lamba 22 yana nan manne a ƙarshen mai lamba 9. Musanya aka yi. A wurin haɗin, umarni biyu da ba su da alaƙa, BCR da ABL, sun manne sun zama ɗaya. ABL kainas ne mai ladabi, yana da wani ɗan sashe a kansa da ke naɗowa ya riƙe shi a kashe har sai an buƙace shi. A musanyar nan wannan sashe ne ya yanke. Abin da ya rage, BCR-ABL, yana manna fosfet dare da rana, ƙwaya tana jin umarnin rabuwa alhali ba wanda ya aiko. Wannan ɓaraka a cikin ƙwayar ɓargo guda ɗaya take faruwa, a tsawon rayuwar mutum. Ba a gadonta, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sammu ba ce.

Sanin mai laifi daban, kama shi daban. Masana da yawa a lokacin sun ɗauka ba zai yiwu ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: kowane kainas da ATP yake aiki, gurabensu sun yi kama da juna, don haka duk abin da ya toshe ɗaya zai toshe sauran, ya zama guba. A kamfanin Ciba-Geigy da ke Bazel ta ƙasar Suwizalan, Alex Matter da Nicholas Lydon sun ƙi yarda. Mai haɗa sinadaran shi ne Jürg Zimmermann, mai gwada su kuma Elisabeth Buchdunger.

Ga yadda aikin yake. Ana tace enzayim ɗin a zuba a ƙananan kwalabe tare da furotin da zai yi wa aiki, da ATP da aka yi wa alama don a iya bin sawun fosfet ɗinsa. A ƙara sinadarin da ake gwadawa, kaɗan a wannan kwalba, ninkinsa a ta gaba, haka har ƙarshen layi. A auna fosfet nawa ya isa inda za shi. Lambar da ake nema ita ce yawan sinadarin da ke rage aikin enzayim da rabi. Sai a maimaita da wasu kainas daban. Sinadari nagari shi ne mai ƙaramar lamba a kan wanda ake hari, babbar lamba a kan sauran. Buchdunger ta kawo lambobi, Zimmermann ya koma ya sauya abu ɗaya tak a jikin sinadarin, ya sake aikowa.

Sun fara ne da wani sinadari da ke hana wani kainas daban, mai suna PKC, wanda ba shi suke nema ba. Da aka ɗaura masa wani reshe a gefe ɗaya, sai ya fara kama dangin tayirosin. Amma har yanzu yana taɓa PKC. Sai aka manna masa metil, wato kabon ɗaya da haidurojin uku, kusan mafi ƙanƙantar abin da mai haɗa sinadari zai iya ƙarawa, a wani takamaiman wuri a zoben tsakiya. Wannan ɗan ƙari ya tilasta wa sinadarin murɗawa, ya daina shiga gurbin PKC gaba ɗaya, amma yana shiga na ABL. Saura matsala ɗaya, ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba hanji ba ya tsotsarsa. Sai aka ɗaura masa wutsiya mai son ruwa. A 1992 aka kammala shi. Shi ne imatinib, wanda daga baya aka sayar da sunan Glivec.

Sai a shekarar 2000 ne aka ga dalilin dacewarsa da ido, lokacin da ɗakin binciken John Kuriyan a Niyok ya daskarar da enzayim ɗin tare da maganin ya haska su da hasken eksire. Duk wanda ya taɓa samun kwaɗon shagonsa an cusa masa tsinken ashana ya san cewa makulli na gaskiya ma ba ya shiga. Haka imatinib ke zama a gurbin ATP. Amma hoton ya nuna abin da ya fi haka kyau. Kainas in suna aiki surarsu kusan ɗaya ce, in sun huta kuwa kowanne da irin naɗewarsa. BCR-ABL, duk da rashin hutunsa, yakan ratsa ta surar hutu na ɗan ƙiftawa, kuma a wannan lokacin maganin ke kama shi ya riƙe. Bambancin da aka ce babu, a can yake ɓoye.

Brian Druker, likita a jihar Oregon, shi ya dage sai an kai maganin ga mutane. A 1996 ya nuna cewa a kwanon gwaji yana rage ƙwayoyin ciwon da kashi 92 zuwa 98 cikin ɗari, ya bar lafiyayyu suna girma. A watan Yunin 1998 aka fara ba marasa lafiya, daga miligiram 25 ana ƙarawa a hankali. Cikin mutum 54 da suka sami miligiram 300 ko fiye, jinin 53 ya koma daidai. A watan Mayun 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Babban gwajin da ya biyo baya, mai mutum 1,106, ya nuna cewa bayan shekara goma kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka fara da imatinib suna raye.

Kuɗinsa a farko ya haura dala 20,000 a shekara, abin da ya fi ƙarfin kusan kowa a nan. Ƙofar da ta buɗe wa 'yan Nijeriya ita ce shirin bayar da shi kyauta na kamfanin Novartis, mai yin maganin, tare da gidauniyar Max, wanda ya fara a 2003 a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi. Shekaru da dama can kaɗai ake karɓa. Mutumin Zariya sai ya yi yini guda cur a mota da takardar likitansa a aljihu, ya nemi wurin kwana a garin da bai san kowa ba, ya karɓo na 'yan watanni, ya dawo ya fara tara kuɗin mota na gaba. Su ma na sa su cikin gwanayen wannan labari. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta ƙi ba Novartis haƙƙin mallakar maganin a ƙasar, abin da ya tabbatar da ci gaban samar da shi da araha, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Ana shan miligiram 400 a rana, tare da abinci da babban kofin ruwa, don kada ya tayar da zuciya. Cikin 'yan makonni saifa ta koma mazauninta, tef ɗin likita ya rasa abin aunawa, gilashin ɗakin gwaji ya fito tsaf. A nan ne haɗari yake, domin madubi ya daina ganin ciwon alhali yana nan. Sai a koma ga gwajin PCR, wanda ke ɗaukar saƙon BCR-ABL da ke cikin jini ya yi ta ninka shi, biyu, huɗu, takwas, har ya yi yawan da na'ura za ta gani. Gwargwadon saurin bayyanarsa, gwargwadon yawansa tun farko. Ana so ya sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari a wata uku, kashi 1 a wata shida, kashi 0.1 a shekara. Na'urar GeneXpert, wadda asibitocinmu suka saba da ita wajen gwajin tarin fuka, tana iya wannan aiki in an sami irin kwanson da aka yi dominsa, sai dai kuɗin kwanson kan gagari iyalai da yawa.

"Likita, ai na warke, ga shi har na yi ƙiba," mara lafiya kan ce. Likitan da ya san aikinsa ba ya faɗa. "Alhamdu lillahi, Malam, haka muke so. Amma maganin danne ciwon yake yi, bai tumɓuke shi ba. Nawa suka rage a kwalbar?" Yana tambayar ne don ya ƙirga. A asibitin Hammersmith na Landan an ba mutum 87 kwalabe masu murfin da ke rubuta duk lokacin da aka buɗe. Waɗanda ke shan fiye da kashi 90 cikin ɗari na maganinsu, kusan kashi 95 cikinsu sun kai matakin 0.1. Waɗanda ba su kai haka ba, wato masu tsallake kwana uku ko fiye a wata, kashi 28 kawai. Shi ya sa likita zai zauna ya tsara da mutum yadda zai sha da buɗa-baki a watan azumi. Zai tambayi matar aure ko tana shirin ɗaukar ciki, domin maganin na iya cutar da ɗan tayi. Zai bincika ko mutum na shan rifampisin na tarin fuka, wanda ke sa hanta ta kwashe imatinib daga jini da wuri. Zai kuma gargaɗe shi tun farko cewa fatar ido na iya kumbura da safe, ƙafa na iya ɗaurewa, don kada ya tsorata ya daina. Akwai waɗanda bayan shekaru na sakamako mai zurfi akan gwada dakatar musu da maganin, kuma kusan rabinsu ko ƙasa da haka kaɗan sukan zauna lafiya, amma wannan sai inda ake iya gwajin jini wata-wata.

Wani lokaci lambar takan fara hawa ko da mutum bai yi sakaci ba. Charles Sawyers ya gano dalili a 2001: enzayim ɗin ya sauya tubali ɗaya a bakin gurbin, na 315 a jeri, ya maye shi da mai ɗan girma, maganin ya rasa wurin kamawa. Masu haɗa sinadari suka koma teburinsu. Dasatinib ya fito a 2006, nilotinib a 2007, kowanne yana cin galabar wasu sauye-sauyen, amma na 315 ya gagare su. A 2012 ponatinib ya zo da wata miƙaƙƙiyar siririyar gaɓa a tsakiyarsa da ke ratsawa ta gefen tubalin ba tare da ta taɓa shi ba. A 2021 kuma aka amince da asciminib, wanda ya bar gurbin ATP baki ɗaya, ya je ya cika ramin da wancan sashen da ya yanke yake shiga a da, ya naɗe enzayim ɗin ya kashe shi kamar yadda halitta ta tsara tun asali.

Wannan dabara ta bazu. Magungunan da ke hana kainas da aka amince da su sun haura 70, mafi yawa na sankara, amma ba duka ba. Nintedanib yana rage saurin ƙeƙashewar huhu. Tofacitinib, tun 2012, yana toshe kainas ɗin JAK da ke kai saƙon kumburi, ya sassauta wa masu amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Sai dai CML ta zo da sauƙin da sauran cututtuka ba su da shi, domin laifin na enzayim ɗaya ne, kuma enzayim ɗin babu shi a jikin mai lafiya. Ciwon suga da hawan jini ba haka suke ba, hanyoyi da yawa ne suka karkace lokaci guda, kuma an gwada magungunan kainas da dama a irin waɗannan cututtuka suka faɗi. JAK kuwa jiki na buƙatarsa wajen kare kansa, don haka mai toshe shi yana rage garkuwa ne da gangan. A Zariya, garin da ke da cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, ba sai an tuna wa likita abin da wannan ke nufi ba. Kafin ya rubuta wa mai amosani irin wannan magani, zai sa a ɗauki hoton ƙirjinsa, a gwada ko akwai tarin fuka da ke kwance, a duba ciwon hanta nau'in B, a kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa, sannan a maimaita ƙirgar bayan wata ɗaya ko biyu da fara sha.